Allon da Na Kafa a Ƙofar Ɗakin Jego

Aikina ƙidayar kifi ne. In na faɗi haka a majalisa sai a kwashe da dariya, wani ya ce, "To Malam, yau su nawa ne?" Da can haushi nake ji, daga baya na koma cewa sun ƙaru da ɗaya, matar tarwaɗa ta sauka lafiya. Amma aiki ne na gaske. Ofishinmu ya damƙa mini rafukan da ke tsakanin Rano da Kibiya, ya haɗa ni da babur da sikeli da katakon awo da tarin fom. Da safe in je inda masunta ke fitowa, in auna tsawon kifi, in ɗora a sikeli, in duba ko mace ce mai ƙwai, in rubuta. Da damina kuma in tare a ƙarƙashin wata gada kusa da Madachi ina lura da hawan kawara.

Kawara kifi ne mai farin jiki da jan wutsiya. In ruwan farko ya cika rafi sai su baro dam, su yi ta saɓa wa ruwa suna hawa sama don su je su zuba ƙwai. Ina suke zubawa? Wannan ne ba wanda ya sani a ofishinmu. Shekara da shekaru ina ganin wucewarsu, ban san masaukinsu ba, kuma abin yana cin raina.

Akwai wani tsohon masunci a wajen Kahu, ni Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam mai awo. Ranar da muka fara haɗuwa ko taɓa kifinsa bai bar ni na yi ba. Cewa ya yi, "Wanda ya halicce su ya san adadinsu, kai me za ka ƙara?" Sai da na yi damina uku ina kai masa goro, ina zama ina riƙe masa bakin koma yana ɗinke ɓaraka, kafin ya fara ajiye mini kifinsa in auna. Mutum ne marar yawan magana, in ya yi dariya ma kafaɗunsa kawai ke motsi.

Wata safiya bayan ruwan farko ya ce in jingine babur, in bar jakata a zaurensa, in biyo shi. Muka ratsa gonakin dawa, muka bi bayan duwatsu, muka yi tafiyar da sai da ƙafafuna suka raina kansu. Can a tsakanin wasu manyan duwatsu, ƙarƙashin itatuwan kanya, rafin ya yi gurbi mai zurfi. Na leƙa. Wallahi da farko na ɗauka inuwar ganye ce ke motsi, ashe bayan kifi ne, sun cika wurin maƙil, suna juyawa a hankali. Na kama dutse na zauna, bakina a buɗe.

Baba ya ce, "Nan ne ɗakin jego."

Ya ce haka suka gada. Daga ranar da gurbin ya cika har kwana arba'in ba mai jefa koma ko ƙugiya, sai masu jego sun yi arba'in sun koma. Tsofaffin masunta kaɗan ne suka san wurin. In samari sun tambayi abin da ke bayan duwatsun sai a ce musu kada ne, ko a ce wurin ba ya son mutane. Ya dube ni ya ce, "Na kawo ka ne don na ga wahalarka a gindin gada. Ka gani da ido, ka bar shi a ido."

Na ce, "To, Baba."

Na ce "to" irin wadda muke ce wa manya, wadda ba ta wuce leɓe ba. Tun a hanyar komawa na fara yi wa kaina huɗuba. Tsofaffin nan mutuwa za su yi. Samarin yanzu da ke yawo da waya a hannu wane kada ne zai tsorata su? Abin da zai tsare wurin nan doka ce, a rubuce. Haka na gaya wa kaina, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma tunda na zauna faɗar gaskiya bari in ƙarasa ta: ina son a yabe ni. Na gaji da rubuta rahoton da ba mai buɗewa sai gara.

Na rubuta komai, har da zanen hanya. Oganmu ya kira ni ya yi mini sannu da ƙoƙari a gaban mutane, kaina ya yi girma. Aka ce a kafa allon gargaɗi, kuma ni na tsara kalmomin da hannuna: "An hana kamun kifi. Nan kifi ke taruwa su yi ƙwai." Mai fenti a Rano ya zana kifi ƙato kamar ragon layya, ya ƙara da kibiya mai nuna hanya. Muka kafa shi da rani a bakin titi, daidai inda motocin kasuwar Kibiya ke wucewa, wai don kowa ya gani ya kiyaye. Kai, tir da wayon ɗan boko!

Baba bai iya karatun boko ba, amma kifi da kibiya ba sa bukatar karatu. Ya tako har inda nake awo, ya tsaya a kaina.

"Malam, ka ce mini to."

Na miƙe ina bayani, ina cewa yanzu hukuma ta san da wurin, wanda ya taɓa zai gamu da doka.

Ya ce, "Dokar a bakin rafin za ta riƙa kwana?"

Raina ya ɓaci. Na ce masa zamani ya canja. Ga mutumin da ya haifi kamata, na dubi idonsa na ce masa zamani ya canja. Ya juya ya tafi.

Damina ta faɗi, rafi ya cika, kawara suka wuce gada da yawa har ina murna. Ba a yi kwana goma ba, wata safiya ina zaune da fom a cinya sai ga wani Bafulatani makiyayi da muke gaisawa, ya zo da sauri. Ya ce, "Malam, shanuna sun ƙi shan ruwan bayan dutse. Zo ka gani."

Tun kafin mu isa warin maganin feshi ya tare mu. Wasu ne suka tuttula shi a saman gurbin, suka kwashe manyan a buhuna, ga sawun tayoyin babura nan a laka. Har yau ban san ko su wane ne ba. Abin da suka bari ya rufe ruwan, fararen cikkuna a sama, har da kwaɗi da 'yan tarwaɗa. Na ce innalillahi, na sake cewa.

Kuma aikina ne in ƙidaya. Na durƙusa na fara ɗauka ina ɗorawa a katako. Duk wadda na taɓa cikinta sai ƙwai ya zubo mini a yatsu. Ina rubutawa hawaye na ɗiga a kan fom, tawada na narkewa. Ban yi irin wannan kuka ba tun rasuwar mahaifiyata.

Baba ya iso da fartanya da ƙwarya. Bai dube ni ba. Ya haƙa rami nesa da ruwa, ya riƙa kwasowa yana zubawa, don kada mutum ko dabba su ci su cutu. Na ajiye katakon na kama masa. Muka yi ta yi har azahar. Da yamma na je na tumɓuke allon nan ni kaɗai, na jefa shi a kwazazzabo. Garin neman gira na rasa ido.

Sai da na yi mako biyu kafin na iya zuwa zaurensa. Na cire takalmi na durƙusa na ce, "Baba, na ci amanarka. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana jan zaren koma. Sannan ya ce, "Na yafe maka, Malam. Ai ni na buɗe baki."

Na tambaye shi ko shi ke nan kawara sun ƙare a rafin nan. Ya girgiza kai ya ce, "Allah bai yi haka ba. Akwai wani ɗakin."

Ban san lokacin da hannuna ya tafi aljihun gaba ba, inda biro yake. Sabo ne kawai, wallahi sabo ne, ban yi niyyar komai ba. Amma ya gani. Ya kalli hannun, ni ma na kalla. Na sauke shi a hankali kamar na taɓa garwashi.

Ya ce, "Rana ta yi, Malam. Ka kama hanya kada hadari ya tare ka."

Mun ci gaba da gaisawa, yana ba ni kifinsa in auna, amma bai ƙara ce mini in biyo shi ko'ina ba. Bayan damina biyu ya rasu. A wurin zaman makoki na ji babban ɗansa na cewa tsohon bai gaya wa kowa inda ɗaya ɗakin jegon yake ba, har su da ya haifa. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Abin da kakanni suka riƙa miƙa wa 'ya'ya baki da baki, a kaina ya yanke, don na koya wa dattijo tsoron faɗa.

Har yanzu in ruwan farko ya sauka ina zuwa gindin gadar. Kawara na wucewa, 'yan kaɗan, suna nufar wani wuri can sama. Nakan ƙirga su in rubuta, in rufe fom. Ban taɓa bin su ba.