An Gaya wa Na Nesa?

Damina biyar ke nan da muka kai Iro makwancinsa, kuma har yau in na buɗe odinatar, wato kwamfuta, da safe sai na yi masa tsiya a zuci. Taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka ina da izini. Mutum ne mai taurin kan tsiya, ga cin goro, ga shi bai taɓa zuwa biki a kan lokaci ba. Amma yau ba tsiya kaɗai ta kawo ni ba. Akwai abu guda a cikin aikinsa da ake matsa mini in cire, ni kuwa hannuna ya ƙi.

Ni Rakiya, mai gabatar da labarai ce a wata ƙaramar rediyo a Buza. Lokacin da aka ce kowace rediyo ta buɗe shafin intanet, mun sha wuya. Ƙirar shafukan da ake samu ta mutanen wata duniya ce, labarin ƙwallo a sama, hotuna manya-manya, kafin su buɗe da irin rezonmu na intanet mai rauni shayinka ya huce. Iro ya zauna a shagonsa na gyaran odinatar a Madawa, ya haɗa ƙira guda wadda kowace ƙaramar kafar labarai za ta ɗauka ta tsara yadda take so. Rumfa yake ce mata. Gwafanni iri ɗaya ne, in ji shi, kowa ya rufa nasa zana. Mu a Buza muka zaɓi launin kore, muka ɗora labarin ruwan sama a sama. 'Yan Madawa suka fara da farashin albasa. Na Keita suka ƙara sashe da harshen Buzaye. A ƙarƙashin kowane labari akwai wurin dannawa a ji shi da murya, don wanda ba ya karatu. Wallahi aikin ya yi kyau. Ban taɓa gaya masa ba, don kada kan nan nasa ya ƙara girma.

Abin da aka fi buɗewa a shafukan nan shi ne kominike, wato sanarwar rasuwa. Samarinmu da yawa suna ci-rani a Abijan da Libiya da Aljeriya, kuma in sun buɗe shafin garinsu, nan suke fara dubawa.

A nan kuwa aka yi ɓarna. Wata tsohuwa ta rasu a wani ƙauye wajen Ibohaman. Wani ɗan uwa mai rawar jiki ya kai kominike rediyo, aka ɗora a shafi tun ba a gama wanka ba. Ɗanta yana Abijan yana tallar takalma. Ya zauna cin abinci a bakin hanya, ya buɗe waya, ya ga sunan uwarsa. Shi kaɗai, ba mai riƙe shi. Alhali duk ɗan yankinmu na Adar ya san ba haka ake yi ba. Babba ake nema a can inda mutum yake, ya je ya same shi, ya zaunar da shi, a gaisa, a ce jikin tsohuwa ya yi tsanani, sannan a hankali a kai shi ga maganar.

Ba Iro ne ya sa sanarwar ba, amma abin ya tsaya masa a rai. Ya hau babur har ƙauyen ya yi ta'aziyya, ya biyo ta Buza fuska ba walwala. Ya ce mini, "Rumfar nan tawa ta cika sauri, kuma ni na yi ta hakanan." Da ya koma Madawa sai ya ƙara mata abu ɗaya. In ka rubuta sanarwar rasuwa ka danna, shafin ba zai sake ta ba, sai ya tambaye ka: An gaya wa na nesa? Sai ka sa sunan dattijon da ya tabbatar maka, sannan ta fita.

Na ce, "Kai Iro, yanzu inji za ka koya wa ladabi?"

Ya ce, "Ke da anka kasa koya wa, ai gara in gwada inji."

Na roƙe shi ya kulle tambayar yadda ba mai iya cire ta. Ya ƙi ƙememe. Ya ce komai na rumfar ana iya canza shi, wannan ma haka, don kowace rediyo ita ta san mutanenta. A lokacin haushi na ji. Yanzu na gane bai so a girmama mutane bisa tilas ba.

Ranar da mota ta kife da shi tsakanin Madawa da Galma, ni aka kawo wa kominike. Na rubuta sunansa da hannuna, na danna, tambayar ta fito. Ƙanensa Sule direban babbar mota ne, yana can bayan Agadas inda waya ba ta shiga. Na kifa kai a tebur na yi kuka, na zagi Iro kamar yana tsaye a ƙofa. Ban saki sanarwar ba. Ban kira kowa ba, amma Madawa ba su sa ba, Keita ma ba su sa ba. Mutumin da ya gina shafukan nan duka, aka binne shi ba ko ɗaya da ya ambaci sunansa. Sai da wani tsohon direba ya tarar da Sule a tasha ya zaunar da shi, aka kira mu, sannan muka sa.

To ga mu yau. Kowa yana da rukunin hira a waya. Kafin a rufe wa mamaci ido an yaɗa hotonsa, har da kuka cikin murya. Wasu kafafen da ke amfani da rumfar sun cire tambayar, kuma ban ga laifinsu ba. Abokin aikina Nasiru, ɗan jarida mai ƙwazo, kullum yana ce mini, "Inna Rakiya, kowa ya riga mu, wa muke jira?" Gaskiya yake faɗi. Masu buɗe shafinmu sun ragu, masu kawo kominike sun fara kai wa inda ba a tambayarsu komai, direktanmu kuma haƙurinsa ya kusa ƙarewa.

Nakan tambayi kaina me Iro zai ce. Ba zai yi wa Nasiru faɗa ba, na tabbata, ƙila ma su zauna su yi ta surutun sababbin wayoyi har goro ya ƙare. Ni zai juyo ya yi wa dariya, ya ce ashe akwai ranar da zan tsaya wa aikinsa. Ba zai ce in cire ba, ba zai ce in bari ba. Haka yake, mai ban haushi, Allah ya jiƙan sa.

Rumfar kanta ta tsufa, wata rana wani zai gina wadda ta fi ta. Abin da ban sani ba shi ne ko sabuwar za ta tsaya ta tambayi kowa wani abu.

Yanzu haka da nake wannan rubutu, akwai sanarwa a gabana tun hantsi. Wani dattijo ne manomi ya rasu a Tabotaki, 'yarsa tana aure a Kumasi, wayarta a rufe, an aiki mutum gidanta bai kai ba tukuna. Direkta ya leƙo ɗazu ya ce, "Rakiya, gari duka ya ji." Na ce, "Ranka shi daɗe, gari ya ji, ɗiyatai ba ta ji ba." Ya tsaya ya dube ni, ya ja ƙofa ya fita, ban san abin da zai yanke gobe ba.

Wataƙila ta riga ta gani a wani wuri. Wannan ba a hannuna yake ba. Amma in shafin garinsu ta buɗe tana ita kaɗai, ba za ta ga sunan babanta ba.