Geron Garinmu a Cikin Rafi

Na yi tuƙin babbar mota har gemuna ya yi fari, na ga abubuwa iri-iri a hanya, amma ranar da tsohuwar gingimarina ta ƙi hawa gaɓar rafi da geron garinmu a bayanta, wannan kam sai an rufe ni da ƙasa zan manta da ita.

Shekarun nan ne na wahala, da damina ta yi ta yi mana gardama. Rumbuna sun ƙare tun shuka ba ta kai gwiwa ba, gidaje da yawa rama da tafasa ake dafawa a ci a kwanta. Sai mutanen garinmu suka haɗa ƙarfi, wani ya sayar da akuya, wata ta fitar da tasoshin ɗakinta, aka ce in je Dawanau in ɗauko hatsi. Aka haɗa ni da Baffa, ƙanin mahaifina, don ya sa ido. Mai kuwa a lokacin sai an sha wuya ake samunsa, babu zancen sahu biyu, dole muka ɗora komai a tafiya ɗaya. Tun daga bakin kasuwa motar take nishi.

Kafin garinmu akwai wani rafi da babu gada. Sai an gangara an bi ta kan yashi, sannan a hau wata gaɓa mai tsayi. Mutane suna mamakin yadda mota za ta yi ta gudu lafiya lau a miƙaƙƙiyar hanya, amma da ta zo hawa sai ta mutu. Ba aljanu ba ne. A hawa inji yana aiki iya ƙarfinsa, motar kuwa tana jan ciki, iska ba ta ratsa lagireto sosai, sai ruwan ciki ya tafasa. Ga nauyi yana janyo ta baya. In direba ya ruɗe ya nemi canja giya a tsakiya, kuloci ya ƙone, shi ke nan. Balle tawa, da rabin kayan cikinta ɗaurin waya ne.

Na sa giya ta ɗaya tun daga ƙasa, na yi bisimilla. Mun ci kusan rabin hawan sai tururi ya turnuƙe gaban motar.

"Taka ta mana, kai! Taka ta!" in ji Baffa, yana dukan cinyata.

Na ce, "Baffa, in na ƙara takawa injin zai kama, mu rasa mota mu rasa hatsi."

Na lallaɓa ta da birki ta silalo baya, ta tsaya a kan yashi, tsakiyar rafin. Na sauko na ɗaga kai sama. Hadari ne baƙi ƙirin ya haɗu a gabas. Duk ɗan yankinmu ya san halin rafin nan: ko ɗigo bai taɓa ka ba, in an yi ruwa a can sama, sai dai ka ji ƙugi. Baffa ya zauna daɓas a yashi yana salati. "Da wane ido zan kalli mutanen gari?" Abin da yake ta maimaitawa ke nan.

Can sai na jiyo ganga. Na haye gaɓar da gudu, na tarar ana gayya a gonar wani dattijo na ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, majiya ƙarfi sun jeru suna noma, makaɗi yana zuga su. Na san dattijon nan ya tattara ɗan abin da ya rage masa ne ya dama musu kunu, in suka watse ba shi da halin sake kiran su. Kunya ta kama ni, amma na durƙusa na gaya masa.

Ya dube ni, ya dubi hadarin. "Abincin mutane a cikin rafi, kuma ka tsaya gaisuwa? Ciyawa tana nan gobe." Ya juya ga makaɗin ya ce, "Sauya kiɗan nan, ka shige gaba."

Wayyo, ban taɓa ganin irin wannan ba! Aka zubar da fartanyu, aka bi ganga zuwa rafi. Mutanen da su ma yunwa ta ramar da su suka dinga saɓa buhu a baya suna hawa gaɓa, makaɗi yana yi wa kowa kirari da sunan kakansa. Wanda ya gaza a tsakiya, biyu su tallafe shi. Baffa da yake kukan ciwon baya tun safe ya naɗe babbar rigarsa ya kama kunnen buhu. Ni kuwa na tona yashi na samo ruwa, na jira lagireto ya huce, na zuba masa a hankali.

Da kaya suka yi sauƙi na tayar da ita. Suka sa kafaɗa a bayanta, ganga na tashi, ni ina ta addu'a. Ta yi gurnani, ta yi kamar za ta tsaya, sai ga ta a sama. Ba mu gama kabbara ba muka ji ƙugin. Jan ruwa ya taho da itatuwa da karmami, ya shafe wurin da motar ta tsaya kamar ba a taɓa ajiye komai ba. Wallahi kuka na yi, a gaban kowa, ban ji kunya ba.

Muka mayar da lodi, muka rufe da tamfol, muka shiga gari kafin magariba. Ana gama rabo sai luguden turmi ya tashi daga kowane gida. Na zauna a ƙofar gidanmu ina saurare, daɗi ya hana ni ko cin tuwon. Bayan kwana kaɗan mazan garinmu suka ɗauki fartanyu suka je suka ƙarasa wa dattijon nan nomansa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, mota ba ta mutuwa a hawa don lalaci, an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ne. Tun daga nan, in na ga wahala ta tsayar da mutum cak, ba na yi masa tsawa. Tambayarsa nake yi wane buhu zan sauke masa.