Buɗin Wasan da Iro Ya Ajiye

Iro mai gyaran babur ya koyi eshek, darar Turawa, wurin wani malamin lakkwal, wato makarantar boko, da aka turo Dogon Dutsi. Malamin ya tashi, ya bar masa allon. Tun daga nan, in ka kai babur ka tarar da shi gaban allo, ka nemi benci kawai. Da baki yake wasa: kafin ka taɓa dokinka ya kushe dokin, ya yi maka ta'aziyyar sarauniyarka tana raye.

Burinsa ɗaya, sunansa ya shiga jerin 'yan wasa masu maki. Damina guda ya yi yana haddace wani buɗin wasa na manya daga waya: sojan gaban sarauniya, sannan na kusa da shi. Har kan tabarmar tuwo yake jera shi da kwanuka da ludayi, sai da matarsa Husaina ta ɓoye ludayinta.

Bara ya tafi gasa a Yamai. Can aka ce ba a magana, Iro ya koma kamar babur ba buji, wato fulogi. Aka cinye shi, aka sake. Saura wasa ɗaya, ko canjaras ya samu sunansa zai shiga. Shi ke da fararen 'ya'ya, shi zai fara, ga haddarsa a kai.

Ya zauna, ya ɗaga ido, sai ga tsagen Barebari a fuskar abokin karawarsa, wani likita Mustafa. To, Iro Ba'are ne, Ba'are kuwa ba ya gaida Babarbare da mutunci. Abokin wasa ne, girmama shi cin fuska ne. Ga baki a rufe. Iro ya aje haddarsa, ya tura sojan da ke can gefe, wanda ko ɗan koyo ba ya farawa da shi, ya harɗe hannuwa.

Mustafa ya dubi sojan, ya dubi tsagen Iro. Kafaɗunsa suka fara rawa don dariya. Shi ma ya tura nasa na gefe. Alƙali ya zo ya tsaya kansu.

Daga nan aka yi wasan gaske, amma haddar Iro ba ta san wannan hanyar ba. Mustafa ya ci.

A waje ya rungume shi. "Bawana, wa ya sako ka daga gona?"

"Bar maka na yi, kar ka koma gida da kuka," in ji Iro.

Da ya dawo gida, Husaina ta ce, "To, Malam, ina makin?"

"Yana hannun wani Babarbare. Ajiya na ba shi."

Ta dube shi, ta ga idon ya ɗan yi ja. Ta shiga ɗaki, ta fito da ludayin, ta aje masa kan tabarma.