Ƙafar da Baba Yake Taka Kuloci da Ita

Shekarun baya, tun autata tana goye, na taɓa kai motar maigidana cikin yashi da gangan, mahaifina yana zaune a gefena. Na daɗe ina son ba ku labarin nan, kunya ce take hana ni, don rabinsa wautata ce.

Mahaifina direba ne tun kafin a haife ni. A-kori-kura yake ja, mai giyar hannu, yana ɗaukar 'yan kasuwa da kayansu daga Maiduguri zuwa kasuwannin ƙauyen da kwalta ba ta taɓa zuwa ba. Da rani yashi, da damina firgi, baƙar ƙasar nan da in ta sha ruwa sai ta riƙe taya ta ƙi saki. Shi ya koya mana tuƙi mu duka, har mu mata, a filin da ke bayan gidanmu a Bolori. Abu ɗaya ne ba ya ƙaunar ji, mota otomatik.

"Motar da take zaɓar wa kanta giya, to kai mene ne aikinka a ciki?" Haka yake cewa. "Tawa in batir ya mutu a daji, mutum uku suka tura ta tashi. Taku kuwa ko gari guda ya taru, sai dai ku yi ta turawa har Chadi."

Muna dariya, amma mun san da gaskiyarsa. Ya sha jawo irin waɗannan motoci da igiya daga daji.

Sai ciwon suga ya kama shi. Ɗan gyambo ne ya fito a yatsa, aka yi ta magani, ƙarshe likitoci suka yanke ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Ita ce ƙafar da ake taka kuloci da ita, kuma babu mai jan mota mai giyar hannu ba tare da ita ba. Ciwon ya warke cikin 'yan watanni, amma Baba ya daina fita. Abokansa na tasha suna zuwa, ya ce a ce yana barci. Masallacin bakin layi ma ya bar zuwa, wai ba ya son a riƙa matsa masa a sahu ana yi masa sannu. Motar tana ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, awaki suna kwana a ƙarƙashinta. In ba ranar ganin likita ba, ko zaure ba ya takawa.

Mahaifiyata, wadda muke ce wa Ya, ta taɓa ce min, "Ƙafar ta warke, mai ƙafar ne nake tsoron kar ya tafi muna kallo." Yayana ya gwada kawo masa zancen otomatik, tunda ita da ƙafar dama kaɗai ake jan ta. Baba ya ce, "Ka ga na yi kama da mai neman abin wasa?" Kwana biyu bai amsa gaisuwarsa ba.

Ni kuwa, uwar 'yan dabara, sai na shirya tawa. Maigidana yana da jif otomatik, yana kuma da fili a bayan Maisandari, inda hanya take da yashi. Na ce zan kai Baba asibiti, a hanyar dawowa in ce zan leƙa filin, in sami ɗan yashi mara zurfi in yi kamar na maƙale. Na san halinsa, ba zai iya kallon ana wulaƙanta mota ya yi shiru ba. Ban gaya wa kowa ba, don na san Ya za ta hana ni.

Muka gama da likita wajen ƙarfe sha ɗaya, ranar nan ta bazara mai narka mutum. Muka bar kwalta. Da na hango yashin da na zaɓa sai na rage gudu, na shiga, na tsaya cak, sannan na danne totur har ƙasa don abin ya yi kama da gaske. Ya kuwa yi kama da gaske. Tayoyin suka haƙa rami, motar ta zauna da cikinta. Na sa ribas na sake dannawa, ta ƙara nutsewa. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Ga tsoho mai ciwon suga, ga ruwanmu rabin gora, ga waya babu sabis, kuma babu kowa a hanyar. Nan da nan gumi ya jiƙa min lafaya.

Na kai ƙafa zan sake taka totur, sai Baba ya dakatar da ni.

"Uwata, ɗauke ƙafarki." Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana. "Kabari kike haƙa mata? Ni na koya miki haka?"

Ya sa na sauka na rage iskar tayoyi huɗun da tsinke, yana leƙowa ta taga yana cewa ƙara, ƙara, ya isa. Ya sa na yashe gaban tayoyin da hannu, na karyo rassan wani kurmi na cusa. Ina durƙushe cikin yashi mai ƙuna ina tsine wa dabarata. Na koma na gwada, na sake danna totur fiye da kima, rassan suka yi sama.

"Sauka," in ji shi.

Na ɗauko masa sandunansa, suka nutse a yashin. Ya jefar da su. Na miƙa hannu, ya yi kamar bai gani ba. Dafa jikin motar ya yi, ƙarfen nan mai zafi, yana tsalle da ƙafa ɗaya har ya zagayo ya hau kujerar direba, yana haki. Ya gyara madubi. Ya ce in nuna masa wacce ce gaba, wacce ce baya, wacce ce ƙaramar giya. Sau ɗaya na nuna.

Ya fara lallaɓa ta, ɗan gaba, ɗan baya, totur kaɗan-kaɗan kamar mai tsoron tada jariri. A karo na biyar ko na shida ta ɗago, ta hau rassan, ta fito. Bai tsaya ba, ya ci gaba da tafiya cikin yashin. Sai ƙarar injin ta kai inda direba yake canja giya, ni ma kunnena ya ji. A daidai nan na ga ƙafar wandonsa ta hagu, wadda Ya ta naɗe ta maƙale da fil, ta motsa. Guntun ƙafar ne ya ɗaga ya danna iska, hannunsa kuma ya kai kan giya. Motar ta canja da kanta. Can gaba ya sake yi.

Ya ga na gani. Ya ce, "Ita ba a gaya mata cewa ba ta nan ba."

Na juya ina kallon taga, hawaye suna zuba. Tun da aka yi aikin ban taɓa jin ya ambaci ƙafar ba sai ranar. A lokacin na gane abin da na yi: na ɗauki mutumin da ya yi shekara talatin yana aiki da ƙafa biyu, na zaunar da shi inda dole ya ji rashin ɗayar, kuma a gaban 'yarsa.

Da muka iso bakin kwalta ya tsaya ya ce, "Karɓi motarku. Ki tsaya wurin mai faci a mayar da iska." Na karɓa, na kai shi gida. Na kwana uku ina jin na ci mutuncin mahaifina, ban iya zuwa gaishe shi ba.

Sai bayan sati biyu maigidana ya dawo yana murmushi, ya ce Baba ya kira shi. Surukin da ba ya wuce gaisuwa da shi ya riƙe shi a waya rabin awa, yana yi masa tambayoyi kan jif ɗin. A gangara yaya take riƙe kanta? In ta yi zafi a yashi me ake yi? Har Baba da kansa ya amsa cewa a yashi tana da abu ɗaya, ba ta yanke ƙarfi lokacin canjin giya, amma fa a firgi bai yarda da ita ba sai ya gani da idonsa. Ba a yi wata biyu ba aka sayar da a-kori-kurar, aka kawo masa wata tsohuwa otomatik. Ranar da aka ja tasa aka tafi bai fito ba, ɗaki ya shiga ya rufe.

Baba ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa gaya masa da gangan na shiga yashin nan ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Har yau ban san ko daidai na yi ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya gwada. Abin da na koya shi ne, mu muna ganin sauƙi muke kawo masa, ba mu lura abin da muke cewa ya ajiye ba. Da na san nauyinsa, da na fi haka tausasawa.

Amma in abin ya dame ni, wata Laraba nake tunawa, kwana kaɗan da zuwan motar. Ya ta kira ni bayan azahar, muryarta tana rawa, har gabana ya faɗi.

"Babanku ya fita tun safe, bai ce min ga inda za shi ba," in ji ta. "Ga abincinsa nan har ya huce."

Na ce, "To Ya, kuka kike yi ko dariya?"

Ta ce, "Ni ma ban sani ba. Shekara biyu rabon da in ɗumama masa abinci."