Baƙar Laimar Gwaggo Hanne

Jama'a, daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu ya ƙi sakina. A zahiri ƙanwata Zulai ce ba lafiya, ƙafafunta sun fara ƙin ɗaukarta. Likita ya ce ciwon jijiya ne da ake kira MS, kuma wasu masana na zargin ƙarancin hasken rana da bitamin D na da hannu, amma ba a tabbatar ba. Gwaggo Hanne, ƙanwar babanmu da ta raine mu, taɓe baki ta yi ta ce sammu ne. Ita da tun Zulai na ƙarama ta hana ta taka tsakar gida da rana, wai kar farar fatarta ta dishe. Ko shanya ba ta bari ta yi. Mtsw!

A mafarkin na gan mu a wani asibiti marar rufi, an baje majinyata a rana kamar barkono. Kowa rana na dukansa, ban da Zulai. Ga Gwaggo tsaye a kanta da wata ƙatuwar baƙar laima, fuskar nan ta sha man bilicin, nan ja, can baƙi, tana cewa, "In ta yi baƙi wa zai kalle ta?" Na ce, "Gwaggo, ke da madubi ma ya gaji da ke? Janye mata!" Ko kallona ba ta yi ba.

Sai kawai wata murya ta fito daga lasifika, ta ce a kawo wadda ta tare rana. Na tuntsire da dariya, na ce yau ƙaryar tsohuwa ta ƙare. Sai kawai Gwaggo ta ɓace. Amma laimar na nan, inuwar ma na nan. Zulai ta ɗago kai ta ce, "Yaya, hannunki bai gaji ba?" Na duba, ashe ni ce riƙe da ita.

Na farka jiƙe da gumi. Wallahi sai na tuna, in Gwaggo ta tafi unguwa ni nake jan Zulai ɗaki, ni nake yi wa ƙawayena burga da "farar gidanmu". Shekara nawa ina yi wa matar nan kallon jahila.

Don Allah masu fassara, ku gaya min gaskiya: muryar nan Gwaggo take kira, ko ni?