Gejin Jirgin Sharfuddeen

A unguwar Ƙurban ta Madina ba wanda bai san Ɗayyabu mai tsinke ba. Ɗan Damagaram ne, ya zo Madina a 1991, ya zauna yana gyaran wutar mota a warshar kafilinsa Sharfuddeen, watau mutumin da takardar zamansa take hannunsa. Sunan ya samo shi ne daga wata ɗabi'a tasa mai ƙular da direbobin tasi. In ya canja maka gejin mai, ba za ka tafi ba sai ya tabbatar da idonsa: ya buɗe tanki ta sama, ya zura tsinken ƙarfe, ya auna, ya dubi allura. Ka yi ta hon, ko kallonka ba zai yi ba. Taurin kai kam Allah ya ba shi, har matarsa Safiyyatu takan ce ko likita ya ce masa yana da zazzaɓi sai ya nemi tsinke.

Burinsa a duniya ɗaya ne, kuma ba ya ɓoyewa: ya mutu a Madina, a binne shi a Baƙi'a. Saboda haka duk shekara in lokacin sabunta iƙama, watau takardar zaman, ya zo, sai ka ga ya rame.

A 2003, saura kwana tara iƙamarsa ta ƙare, Sharfuddeen ya aiko direbansa Maiturare ya ɗauke shi zuwa Yanbu, bakin teku. Ashe maigidan ya sayi ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa, irin wanda iska ke turawa da ƙyalle. A ƙarƙashinsa akwai wani faffaɗan ƙarfe mai nauyin tsiya, ana sauke shi a ruwa mai zurfi don kada jirgin ya kife, ana ɗaga shi in za a bi ta kan duwatsun murjani. Gejin da ke nuna ƙarfen yana sama ko yana ƙasa shi ne ya mutu, an kawo sabo daga ƙasar waje.

Ɗayyabu bai taɓa taka jirgin ruwa ba, ninƙaya kuwa ko a kwatami bai iya ba. Amma waya ai waya ce. Kafin la'asar ya cire tsohon, ya ɗaura sabon, ya ba shi wuta. Allura ta miƙe ta tsaya a kan "sama". Sharfuddeen, wanda ya gayyato surukansa su ga jirgi, ya tafa hannu.

"Halas, an gama, ya Ɗayyabu. Rufe, mu sha shayi."

"Ɗal umrak, Allah ya ja kwana, ban ga ƙarfen ba tukuna."

"Ga geji ya faɗa maka."

"Geji ya faɗi nasa. Saura nawa."

Ya sauka kan dakalin da aka ɗaure jirgin, ya ɗauki wata doguwar gora mai ƙugiya, ya kwanta rub da ciki a gaban manyan mutane, ya zura ta can ƙarƙashin jirgin. Gorar ta bugi ƙarfe, ƙwan, kowa ya ji. Ƙarfen yana ƙasa gaba ɗaya. Ya sa aka ɗaga shi, allura ta faɗi kan "ƙasa".

Bai yi mamaki ba. Shekara goma sha biyu yana fama da wannan a warsha: ka haɗa gejin motar Amurka da tankin motar Turai, tanki cike zai ce maka babu ko ɗigo. Wanda ya aiko gejin bai tambayi asalin jirgin ba, shi ke nan. Juya waya ba ya gyara shi, sai an samo irin nasa.

Fuskar Sharfuddeen ta canja, don tun safe yake yabon gejin nan a gaban surukai.

"Ma fi mushkila, ba komai," ya ce. "Mun gane. In ya ce sama, ƙasa ne. Rufe."

"Kai ka gane, ɗal umrak. Ran da ɗanka zai ja jirgin da ƙannensa a ciki fa? Zai ga sama, ya hau murjani da ƙarfe a sauke."

"Ina iƙamarka take, ya Ɗayyabu?"

Tambayar ta dake shi, ƙarya ne a ce bai ji tsoro ba. Ya tuna Baƙi'a, ya tuna Safiyyatu. Sai ya ɗauki sukundireba, ya kwance kusoshi huɗu, ya zare gejin ya ajiye a gaban maigidan, ya bar rami a jikin allon da gejin yake.

"Tana aljihunka. Wannan ramin kuwa ba zai yi wa kowa ƙarya ba."

Masu son labari mai daɗi za su so a ce maigida ya huce. Bai huce ba. Mutumin da aka kunyata a gaban surukansa ba ya hucewa cikin kwana tara. Aka buga wa Ɗayyabu takardar fita ta dindindin. Safiyyatu ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba, a na uku ta ce, "Malam, da ka rufe ka yi shiru, wa zai sani?" Ya ce shi zai sani. Ta ci gaba da ɗaure kaya.

Ranar tafiya ya je Harami ya yi bankwana, ya tsaya a bakin katangar Baƙi'a ya yi kuka sosai, bai damu da masu wucewa ba. Maiturare ne ya kai su filin jirgi. Suna sauke akwatuna ya matso kusa da shi.

"Malam Ɗayyabu, ramin nan fa yana nan, maigida ya hana a mayar da gejin. Jiya da za su fita da yara, da idona na ga maigida ya kwanta a dakali da farar jallabiyarsa, yana zura gora."

Ɗayyabu ya share fuska da hannun riga.

"Sau nawa ya buga?"

"Sau uku."

"To, ya iya," in ji shi, ya ɗauki akwati ya shiga layi.