Wan Matata da Kifayena

Aikin gilashi nake yi a Sabha, can ƙasar Larabawa, tagogi da ƙofofi, a wani ɗan shago a unguwar Mahdiya. Da hannuna na haɗa akwatin gilashin da na zuba kifayena a ciki. Wani Balarabe ne ya fara sa ni na haɗa masa irinsa. Da na gama, ya ga na tsaya ina kallon nasa kifayen na ƙi tafiya, sai ya kamo mini ƙanana guda tara ya zuba a leda. Ya ce asalinsu daga wani babban tafki ne can ƙasar Malawi, kuma ruwan nan namu mai barin farin dabbare a gindin buta shi suka fi so.

Ya gargaɗe ni cewa mafaɗata ne, kowanne sai ya ware wurinsa. Don haka na yi ta tsinto duwatsu a bayan gari ina wankewa, na jera su da ramuka da lunguna yadda mai gudu zai sami maɓoya. Cikin shekara guda suka girma kamar tsawon yatsa, wasu rawaya shar, wasu shuɗɗa masu zane-zane. Akwai wani babban namiji shuɗi da ya mallaki kogon tsakiya, babu mai giftawa ta ƙofarsa. In an ɗauke wuta da zafi, kwalaben ƙanƙara nake jefa musu, in kunna ɗan injin iska mai batir. Matata tana yi mini dariya, amma ita ke zuba musu abinci da rana.

A shekara ta biyu wan matata ya faɗo daga bishiyar dabino a gonar da yake aiki a ƙauyen Samnu, ya karye a ƙafa. Shi ya riƙe matata tun rasuwar mahaifinsu, shi ya ba ni aurenta a Damagaram. Ban taɓa kiran sunansa ba, Yaya nake ce masa, kuma ban taɓa haɗa ido da shi ba in yana magana. Da aka sallame shi daga asibiti ni na je na ɗauko shi. Ɗakuna biyu gare mu, muka shimfiɗa masa katifa a falo, daura da akwatin kifin.

Ranar farko ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, “Yaushe za a ci su?”

Na ce, “Ba na ci ba ne, Yaya. Na kallo ne.”

“Na kallo.” Ya juya wajen ƙanwarsa. “Ke, mijin naki hamada ya keto don ya yi kiwon abin kallo? Ai waɗannan karfasa ce aka shafa wa fenti.”

Na yi murmushi na bar maganar. Abin da ya fi ba ni haushi daga baya shi ne, da na tambayi Balaraben nan, ya ce gaskiya ne, danginsu ɗaya da karfasa.

Daga nan aka fara. Ƙarar injin da ke tace ruwan wai tana hana shi barcin rana, sai ya miƙa sandarsa ya fizge wayar daga bango. In dawo la'asar in tarar da kifaye sun taso sama suna haki. In mayar da wayar, gobe ya sake cirewa. In ya ci burodi da shayi, ragowar cikin ruwan yake marmasawa. Na ce masa a hankali, “Yaya, burodi yana kumbura musu ciki.” Ya ce shi bai taɓa ganin kifin da abinci ya kashe ba. Kwana uku bayan haka ɗaya daga cikin rawayan ta kumbura, ta kwanta a ƙasa, ta mutu. Da na ɗauke ta yana kallona ya ce, “Allah ya ba ka haƙuri. Za a yi zaman makoki ne?”

A lokacin wata mace cikin kifayen tana riƙe da ƙwai a bakinta. Haka suke yi, uwar ta kwashe ƙwan ta ɓoye a baki wajen mako uku ba ta cin komai, har su ƙyanƙyashe. Wannan ne karon farko da na ga haka a gidana, kullum ina ƙirga kwanaki. Shi kuwa ya ga haɓarta ta kumbura tana laɓe a lungu, sai ya mai da ita abin wasa. Ya dinga ƙwanƙwasa gilashin da ƙarshen sanda don ya ga ta zabura. A kwana na goma sha biyu na dawo na tarar bakinta fayau. Ko ta haɗiye su, ko ta tofar sauran sun cinye, ban sani ba.

Na sami matata a madafa na ce ta yi masa magana.

Ta ce, “Ni zan ce wa Yaya ya daina? A kan kifi? Ka yi haƙuri mana, saura kaɗan a kwance masa ɗorin.”

Na daina zama a falo. In na shigo in gaishe shi a tsaye, ya amsa yana kallon wayarsa. Abinci ma na koma ci a shago. Shi kuma duk baƙon da ya zo duba shi sai ya nuna masa akwatin da sanda ya ce, “Ga 'ya'yan maigidan nan, ku gaishe su.” Shekara huɗu da aurenmu a lokacin, Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna. Ya san inda maganar take sauka.

Wata Alhamis abokan aikinsa suka zo daga Samnu. A gonar tasu akwai jabiya, wato babban kwandon siminti da ake tara ruwan ban-ruwa, suna kiwon karfasa a ciki. Suka kawo masa manya guda biyu da rai a bokiti, a yi wa maras lafiya farfesu. Matata ta riga ta ɗora tukunyar rana, sai ya ce a bar su sai gobe Juma'a. Ya sa aka juye su cikin akwatina, har da ruwan bokitin.

Da na shigo ban gane akwatin ba. Ruwan ya yi kore, ya gauraye da yashi. Karfasan nan kowacce ta fi tafin hannuna, sun yi ta bugun gilashi har sun rushe duwatsun. Babban shuɗin yana ƙarƙashin wani dutse, rabin jikinsa a waje. Wata rawaya tana juyi a saman ruwa, wutsiyarta a yage. Yaya yana kishingiɗe yana cin dabino.

Ban naɗe hannun riga ba ma. Na zura hannu na damƙo ta farko, ƙayar bayanta ta soke ni, na maka ta a ƙasa gaban katifarsa. Na damƙo ta biyu na bi ta da ita. Suna ta tsalle a kan ledar ɗaki suna watsa masa ruwa.

Ya tashi zaune. “Kai! Ni kake jifa da kifi?”

Na ce, “Wa ya ce a zuba su a nan?”

“Ni na ce. Ruwa ba ruwa ba ne?”

Matata ta fito da ludayi a hannu tana cewa, “Don Allah, don Annabi.” Ban saurare ta ba. Karo na farko na dube shi ido cikin ido. Na ce, “Wata biyu kana kwance a ɗakina, kana cin tuwona, ba ka bar mini ko abu ɗaya da nake so ba. Kifayen nan sun fi ka sanin mutuncin gidan da ake ciyar da su.”

Karfasan suna ta bugun ƙasa. Yaya ya jawo sandunansa, ya tura kayansa cikin jaka da hannu ɗaya, ya buga wa abokansa waya su dawo su ɗauke shi. Matata ta durƙusa tana kuka tana riƙe masa riga. Ya ce mata, “Sake ni. Ke dai na ba shi, ban ba shi kaina ba.” A bakin titi ya jira motar, cikin rana, ya ƙi ko kujerar da ta kai masa.

Ruwan jabiyar ya zo da cuta. Cikin mako guda fararen ɗigo suka feso wa sauran kifayen, suna ta goga jiki a duwatsu. Na sauya ruwa, na sa gishiri, na sayo magani. Uku suka tsira. Matata kuwa ta yi kusan wata ba ta ce mini komai ba in ban da “ga abinci”, kuma ba ta sake zuba wa kifin ko ƙwaya ɗaya ba.

Labari ya kai gida kafin a kwance masa ɗori. Mahaifiyata ta kira ni ta ce in je in ba shi haƙuri ko ta yi fushi da ni. Na ɗauki wani dattijo ɗan garinmu muka tafi Samnu. Muka same shi zaune a inuwa yana gyaran tiyon ban-ruwa. Na durƙusa na ce na yi kuskure, bakina ya yi kaifi. Ya ce, “Ya wuce,” bai ɗago kai ba. Na jira ko zai ce wani abu game da abin da shi ya yi. Ya tambayi dattijon labarin farashin taki.

A mota dattijon ya ce mini, “To, alhamdulillahi, an shirya.” Na ce masa haka ne. Tun daga ranar Yaya bai sake taka gidana ba, ni ma ban ce ya zo ba. In ya shigo gari sai ya tsaya a bakin layi ya kira ƙanwarsa a waya, ta yafa mayafi ta fita su gaisa a can.